Fiffiken hannu ko filafili: wane foyil ne ya dace da iska marar ƙarfi a tafkunanmu?

Ɗan'uwa, idan har ka kai ga tambayar wanne za ka saya tsakanin foyil mai fiffiken hannu da foyil mai filafili, to ka riga ka ga yadda abin yake: mutum tsaye a kan allo, allon ya rabu da ruwa da kamu guda ko fiye, yana tafe shiru, ba inji ba mai. Kuɗin kayan nan ba kaɗan ba ne, kuma ba kaya ne da za ka shiga kasuwar Garwa ko Marwa ko Njamena ka taɓa da hannunka kafin ka biya ba. Abin da ka yi oda daga Turai, da shi za ka zauna. Yawancin shawarwarin da ke intanet kuwa an rubuta su ne don mutanen bakin teku, masu iska mai ƙarfi da sanyi da shagon gyara a kusa. Mu tafki gare mu, ga zafin rana, ga iskar da takan zo ta ɗauke. Don haka lissafinmu daban ne.

Foyil ƙafa ce mai tsawon santimita 75 zuwa 95 da ake ɗaurawa a ƙasan allo. A ƙarshenta akwai tafi mai faɗi da ƙaramar wutsiya. Idan allo ya sami gudun da ya isa, ruwan da ke ratsa tafin sai ya ɗaga shi sama, jan da ruwa ke yi wa cikin allon ya ƙare. Wannan ɓangaren kusan iri ɗaya ne a wasannin biyu. Bambancin yana sama. Mai filafili yana da doguwar sanda da aka kafa a kan allon, kyallen yana jikinta, shi kuma yana riƙe da mariƙi. Mai fiffike ba abin da ya haɗa kyallensa da allo: hura shi ake yi da famfo, a riƙe shi a hannu biyu.

Iskar da muke da ita, da ruwan da muke da shi

Sai an fara da nan, domin nan ne mutane ke asarar kuɗi. Ƙarfin da iska ke ba kyalle ba ya raguwa daidai da raguwar gudunta, ya fi haka saurin faɗuwa. Iskar da ke gudun kilomita 20 a awa, idan ta sauko zuwa 14, rabin ƙarfinta ne ya rage. Shi ya sa kilomita 3 ko 4 kacal ke raba ranar da za ka tashi sama da ranar da za ka wuni kana jan allo a fuskar ruwa. Masu wannan wasa da ma'aunin not suke magana, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa. Abin da suke kira iska marar ƙarfi shi ne not 7 zuwa 12, wato kamar kilomita 13 zuwa 22.

Zafi ma yana cin nasa rabo. Iskar da ta kai digiri 40, irin ta Garwa a watan Maris da Afrilu, ba ta kai ta digiri 15 nauyi ba, ta gaza ta da kusan kashi 8 cikin 100, kuma da wannan gwargwadon ƙarfin turawarta ke raguwa. Ruwan tafki shi ma bai kai na teku ɗaukar nauyi ba, bambancin kusan kashi 2.5 cikin 100 ne. Saboda haka idan kamfani ya rubuta cewa kayansa na tashi a not 10, kai ka ƙara wa lissafinka kaɗan, ka ɗauki kyalle da allo da suka ɗara abin da aka ba mai nauyinka shawara.

Lokacin wasan a wurinmu shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris, sa'ad da iska ke zuwa daga arewa maso gabas. Ta fi ƙarfi da hantsi, takan sassauta da la'asar, kuma a ranakun da ta fi ƙarfi ƙura na rage ganin nesa. Da damina iskar da ke gaban hadari ba ta wasa ba ce: cikin 'yan mintoci take tashi daga shiru zuwa ƙarfin da zai fizge kyalle daga hannun ƙato. Da ka ga gabas ta haɗe, fito.

Ruwan da ya fi cancanta shi ne tafkin Lagdo, kudu da Garwa, wanda aka samu bayan an datse Binuwai tsakanin 1977 da 1982. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 586, akwai zurfi, akwai sarari. Tafkin Maga, da aka yi a 1979 don noman shinkafar kamfanin gwamnati na SEMRY, ba shi da zurfi sosai, kuma yana ja da baya ƙwarai da rani, ga foyil kuma ba ya son ruwan da bai wuce ƙirjin mutum ba. A Cadi akwai tafkin Lere. Kogin Shari a Njamena akwai jan ruwa da tudun yashi, ga shi kan iyaka, ban ba kowa shawarar koyo a can ba. Tafkin Cadi kuwa matsalar tsaro kaɗai ta isa ta fitar da shi daga lissafi.

Kafin ka tura ko sisi, sayi ƙaramar na'urar auna iska ta hannu, ka je bakin ruwan da kake nufi a cikin hunturu, ka riƙa rubuta abin da ta nuna da hantsi da azahar. Hasashen iska na manhajar Windy yana taimako, amma ba ya maye gurbin awon da ka yi da kanka a gaɓa. Wannan littafin awon shi zai yanke rabin hukuncin.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, mafi ƙarancin iskar da kayan ke buƙata kafin su tashi. Na biyu, wanda ni a ganina ya fi na farko nauyi a wurinmu, abin da zai faru idan iska ta ɗauke kana tsakiyar tafki. Sai sauƙin koyo ga wanda ba shi da malami. Sai kuɗi, har da na kawowa. Sai ɗawainiyar ɗauka da haɗawa. Sai ƙarko da gyara a ƙasar rana da ƙaya. Na ƙarshe haɗari.

Foyil mai filafili

Wannan shi ne babba a shekaru. Jim Drake da Hoyle Schweitzer ne suka yi rajistar allon filafili a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, wasan ya shiga Olamfik a 1984. A 2019 hukumar wasannin tuƙin ruwa ta duniya ta zaɓi samfurin iQFOiL, mai foyil, don Olamfik ɗin 2024, aka yi tseren a Marsey ta Faransa. A can maza sun yi amfani da filafili mai murabba'in mita 9, mata 8, a kan allo mai tsawon santimita 220 da faɗin 95. Waɗannan alƙaluma suna gaya maka sirrinsa a iska marar ƙarfi: babban kyalle da faffaɗan allo.

A ma'auni na farko shi ne gaba, ba tantama. Tun da sanda ce ke ɗauke da nauyin kyallen, girmansa bai dogara da tsawon hannunka ba. Mai kilo 70 da mai kilo 95 kowa zai iya samun kyallen da ya ishe shi. Siffar kyallen ma a tsaye take, akwai sanduna sirara a ciki da ke hana shi lanƙwashewa, don haka duk ɗan motsin iska yana zama turawa. Wanda ya iya, da kyalle mai murabba'in mita 8 ko 9, yana tashi a not 7 zuwa 8. Da zarar ya tashi, gudunsa na ƙara masa wata iskar a kan ta Allah, sai ka ga yana ninka gudun iskar da ke kaɗawa, yana ratsa wuraren da ta yi rauni bai sauko ba. Ya fi fiffike gudu, ya kuma fi shi iya haurawa wajen da iska ke fitowa. A tafki mai faɗin Lagdo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga ɗamara mai ƙugiya da ake maƙalawa a igiyar mariƙi, nauyin jiki ne ke jan kyallen, hannu yana hutawa.

A ma'auni na biyu ma shi ne gaba. Allon da girmansa ya wuce lita 130 (da lita ake auna girman jikin allo) yana ɗaukar babban mutum tsaye ko da ba ya motsi. Idan iska ta koma not 3 ko 4, ba za ka tashi ba, amma kyallen na tsaye a kan sandarsa, za ka taho a hankali har gaɓa, kana tsaye, ƙafarka ba ta cikin ruwa. Sai dai in iskar ta mutu murus, babban kyallen nan ya zama kaya. Kwance shi a tsakiyar ruwa wahala ce, loda shi cikin kwale-kwalen masunta ma wahala ce.

Koyo shi ne inda yake da tsada. Ba a fara shi da foyil. Sai ka iya tuƙa allon filafili na yau da kullum tukuna: ɗago kyalle daga ruwa da igiya, juyawa, komawa inda ka fito, amfani da ɗamara. Wannan kaɗai yakan cinye hunturu guda ga mai zuwa ruwa ƙarshen mako. Ɗago kyalle mai murabba'in mita 8 daga ruwa sau da yawa a rana yana cin baya, musamman ga wanda ya manyanta. Amma wanda ya riga ya iya filafili, ko a Turai ya koya ko a wani bakin teku, cikin 'yan fita kaɗan zai fara tashi.

Kuɗi. Sabon kaya cikakke, allo da foyil da kyalle da sanda da mariƙi da ƙananan haɗe-haɗe, yakan kama daga yuro 4,000 zuwa 6,000 a Turai. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ka ga ke nan miliyan 2.6 zuwa 3.9, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Kayan tsere irin na Olamfik sun fi haka. Sauƙin da ke nan shi ne kasuwar na hannu: wasan ya daɗe, tsofaffin kyallaye da sanduna da mariƙai suna da yawa a Faransa da araha. Idan kuma kana da kayan filafili a ajiye, foyil kaɗai za ka saya, yuro 1,000 zuwa 1,500, muddin ramin da ke ƙasan allonka mai zurfi ne kuma an ƙarfafa shi don foyil. Ka tabbatar da wannan, domin foyil na iya tsage ramin da ba a yi shi don haka ba.

Ɗawainiyar ɗauka ita ce babbar matsalarsa a wurinmu. Sandar kyalle mai santimita 460 ko 490 gida biyu take rabuwa, kowane gida ya wuce mita 2. Mariƙi ya haura mita 2. Allo faɗinsa ya kusa mita. Ka yi tunanin hanyarsu daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan mota zuwa Garwa, kowane sauyi hannu ne sabo da ke iya jefar da su. Bayan sun iso, kowace fita sai mota mai abin ɗaura kaya a sama, ko ɗaki a bakin ruwa da amintaccen mai gadi. Haɗa kayan yakan ci minti 20 zuwa 30 a rana tsaka.

Wajen ƙarko yana da kyau da muni. Ba abin da ake hurawa, don haka ƙaya ba ta kashe maka rana. Kyalle ya ɗan yage, a manna tef a ci gaba. Amma farar robar da ake yin kyallen da ita rana na busar da ita har ta fara tsagewa, sai a riƙa ajiye shi a inuwa. Sandar kabon idan ta karye ba mai gyara ta, hunturun ya wuce ka ke nan sai wata ta iso. Akwai kuma ɗan guntun roba da ke haɗa sanda da allo. Zafi na cin sa, idan ya tsinke a tsakiyar tafki kyalle da allo sun rabu. Ka riƙe biyu ko uku a ajiye, ka duba shi kafin kowace fita.

Foyil mai fiffiken hannu

Wannan yaro ne, a 2019 ya bazu a duniya, amma cikin 'yan shekaru ya ja mutane da yawa daga filafili, kuma akwai dalili.

A iska marar ƙarfi yana da iyaka ta halitta. Hannunka ne ke ɗauke da fiffiken, tsawonka ne ke yanke girmansa. Idan ya yi faɗi da yawa, bakinsa na ƙasa zai riƙa taɓa ruwa, da ya taɓa kuwa sai ya juye ya kayar da kai. Kamfanoni sun yi dabara, sun fitar da manya masu gajeren faɗi, irin Strike CWC na F-One da Ventis na Duotone, masu murabba'in mita 7 da 8. Duk da haka mutum mai matsakaicin iyawa yana buƙatar not 11 zuwa 12 kafin ya tashi cikin kwanciyar hankali. Gwanaye na tashi a not 8 ko 9, amma ka dubi abin da suke yi: suna fizgar fiffiken da hannu, suna danna allo da ƙafa, duka a tare kuma a kan ƙa'ida, har tafin ya kama. Kamar tura motar da batirinta ya mutu ne, wahalar duk a farko take, da ta tashi shi ke nan. Wannan fizgar ba a iya ta a hunturun farko, kuma tana cin numfashi a zafin digiri 38.

Abin da ya fi taimako a nan ba girman fiffike ba ne, siffar allo ce da girman tafi. Dogon allo siriri, mai kusan mita 2, yana yanka ruwa ya sami gudu da ɗan turawa kaɗan, sai dai yana rawa a ƙarƙashin ƙafar sabon shiga. Tafi mai murabba'in santimita 1,800 zuwa 2,200 yana ɗaga mutum da ƙaramin gudu. Mai koyo ya ɗauki allon da litocinsa suka ɗara kilon jikinsa da 30 zuwa 40: mai kilo 80 ya nemi lita 110 zuwa 120, a ruwan tafki ma gara ya kama na saman. Akwai allunan da ake hurawa, masu shiga jaka, kuma na san za su ja hankalin duk wanda ya yi lissafin hanyar Duwala. Ka sani dai gefensu a dunƙule yake, sukan manne wa ruwa, sun fi allo mai tauri jinkirin tashi, a daidai irin iskar da muke magana a kanta.

Idan iska ta ɗauke fa? Nan ne na fi jin tsoro wa mai fiffike. Ƙasa da not 5 ko 6, fiffiken ba ya ɗaukar nauyin kansa, sai ka riƙe shi sama da ƙarfin kafaɗa, allon na rawa, ba ka iya haurawa wajen iska, ruwa na tafiya da kai inda ya ga dama. Ƙarshenta sai ka kwanta rubda ciki a kan allo, ka ɗora fiffiken a ƙafafunka, ka yi tuƙi da hannu. A bakin teku mai jirgin ceto wannan gajiya ce kawai. A tafkin da dorina ke ciki, mutum kwance hannuwansa cikin ruwa na tsawon awa guda ba abin so ba ne. Sauƙin da yake da shi ɗaya ne, amma babba: ka sace iskar fiffiken, ka naɗe, kowane kwale-kwale zai ɗauke ka da kayanka.

Koyo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba ga wanda bai taɓa komai ba. Riƙon fiffike a kan tudu ake fara shi, a filin da ba ƙaya, cikin yini ɗaya hannu ya gane. Daga nan a durƙushe a kan allo, sannan a tsaye, sannan tashi. Idan iska ta yi maka yawa, ka saki hannun baya, ƙarfin ya tafi nan take. Sai dai akwai abin da masu talla ba sa faɗa: koyon fiffike yana son iska mai ɗan ƙarfi, not 14 zuwa 18. A not 10 sabon shiga ba zai tashi ba, zai yi ta zargin kansa, alhali iskar ce ba ta isa ba. Idan littafin awonka ya nuna irin waɗannan ranaku ba su da yawa a inda kake, koyon zai ja lokaci.

Kuɗinsa ya fi sauƙi. Allo da foyil da fiffike ɗaya da famfo da talala biyu, sababbi, yuro 2,000 zuwa 3,500, wato sefa miliyan 1.3 zuwa 2.3. Ka sa a ranka cewa fiffike na biyu zai biyo baya, ƙarami mai murabba'in mita 4 ko 5, don ranakun da hunturu ya yi fushi. Na hannu ma akwai, amma a yi hattara da tsohon fiffike: kyallensa yana saki, wanda ya saki kuwa ba ya amsa fizga, a iska marar ƙarfi bai da amfani. Allo da foyil na hannu ba laifi, fiffike dai gara sabo ko wanda bai wuce shekara ba.

Wajen ɗauka ba a ma haɗa su. Fiffike jakar goyo ce. Foyil ana kwance shi ya shiga ƙaramar jaka. Allon kan shiga cikin mota idan an kwantar da kujera, kuma ɗan'uwan da ke dawowa daga Turai zai iya zuwa da kayan duka a jirgin sama a matsayin kayan wasanni. Minti 10 ya isa a haɗa komai.

Ƙarko shi ne rauninsa. A cikin fiffiken akwai siririn tiyub, ƙayar aduwa ko ta bagaruwa guda ɗaya ta isa ta huda shi. Ana hura shi zuwa awon da aka rubuta a jikinsa, yawanci 7 zuwa 9 a ma'aunin PSI na agogon famfo. Ka hura shi da sanyin safiya, ka bar shi a kan yashi da azahar, iskar ciki ta kumbura, ɗinki ya fashe. Duk sa'ad da ka fito hutawa ka rage masa iska ka kai shi inuwa. Gam ɗin mai facin babur ba ya kama irin wannan tiyub, sai tef ɗinsa na musamman, don haka ka yi odarsa tare da tiyub na ajiya tun farko. Yagewar kyalle kuwa tela mai haƙuri zai iya ɗinkewa idan ka ba shi tef da zare mai ƙarfi. Abin da ya fi yaga fiffike ma foyil ɗinka ne, idan allo ya kife ƙafarsa ta dubi sama. Mai yawan fita yakan canja fiffike bayan shekara 2 ko 3, kyallen filafili da aka kula da shi ya fi haka daɗewa.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Mai filafili | Mai fiffiken hannu |
|---|---|---|
| Iskar tashi ga matsakaicin gwani | not 8 zuwa 10 | not 11 zuwa 12 |
| Iskar tashi ga ƙwararre | not 7 zuwa 8 | not 8 zuwa 9 |
| Girman kyalle a iska marar ƙarfi | murabba'in mita 7 zuwa 9 | murabba'in mita 6 zuwa 8 |
| Idan iska ta ragu ƙwarai | ana komowa a tsaye | sau da yawa sai tuƙi da hannu |
| Koyo daga tushe | dogo, mataki biyu | gajere, in akwai iska |
| Sabon kaya a Turai | sefa miliyan 2.6 zuwa 3.9 | sefa miliyan 1.3 zuwa 2.3 |
| Ɗauka | sai mota mai abin ɗaure kaya | yana shiga cikin mota |
| Abin da ya fi lalacewa | sanda, robar haɗi, hancin allo | tiyub da ɗinkin fiffike |

Haɗari

Kowannensu da irin faɗuwarsa. Mai filafili, idan tafin ya fito daga ruwa, hancin allo kan nutse, ɗamara ta wurga shi gaba tare da kyallen, sanda ta fasa hancin allon ko ta bugi haƙarƙari. Mai fiffike gudunsa bai kai haka ba, amma kusa da foyil yake faɗuwa, gefen tafi da wutsiya kuwa suna yanka. Hular kwano da rigar da ke hana nutsewa dole ne ga duka biyun. Mai fiffike kada ya shiga ruwa ba talala biyu, ɗaya daga hannu zuwa fiffike, ɗaya daga ƙugu ko ƙafa zuwa allo, domin allo mai foyil iska na tafiya da shi fiye da yadda mutum ke iyo.

Sauran haɗarin na ruwanmu ne, ba ruwansa da wanne ka saya. Akwai dorina a Lagdo da Maga da Lere, akwai kada. Masunta sun san inda suke kwana da inda suke kiwo, don haka ka fara da gaishe da shugabansu, ka tambaya, ka bi abin da aka gaya maka. Su ne kuma za su nuna maka inda aka shimfiɗa raga da mamari. Foyil da ya kama raga yana tsayawa cak, kai ka wuce gaba, shi kuma mai ragar ya yi asarar abincin gidansa, sai ka biya shi ba gardama. A tafkin da dam ya haifar akwai kututture da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, suna matsowa sama yayin da ruwa ke ja da rani. Kada ka kusanci bakin dam ɗin kansa. Ga tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwa mai kwanciya kusa da ciyawar gaɓa, mai koyo kuwa ya fi kowa daɗewa a cikinsa. Ka riƙa zuwa asibiti gwaji, maganinta sananne ne. Ka zaɓi gaɓar da iska ke turo ka zuwa gare ta ko take bi ta gefenta, ba wadda take kore ka daga ita ba. Kuma ko wanne ka saya, ka sa kuɗin mai kwale-kwalen inji cikin lissafin kowace fita, ya tsaya yana kallonka.

Wa ya dace da wanne

Idan awonka ya nuna yawancin ranaku not 7 zuwa 10 ne, filafili ne kaɗai zai ba ka tashi a kai a kai. Fiffike a irin wannan iska na gwanaye ne, kai kuma ba za ka zama gwani ba tare da iskar koyo ba.

Idan ka taɓa tuƙa allon filafili, ko kana da kayansa, kada ka tsaya dogon tunani: sayi foyil da allon da ya dace, ka ci moriyar abin da hannunka ya riga ya sani. Haka ma mai nauyin da ya haura kilo 90, domin fiffiken da zai ɗaga shi a iska marar ƙarfi ya fi ƙarfin hannu. Haka mai masauki ko gida a bakin Lagdo, wanda zai iya barin kaya a ɗaki ba sai ya yi ta jigila ba, da mai son tafiya mai nisa cikin tafki.

Idan kuwa daga tushe za ka fara, kana zaune a Garwa ko Marwa ko Njamena, ƙaramar mota gare ka, kuma littafinka ya nuna hantsin hunturu na kai not 12 zuwa sama a ranaku masu dama, fiffike ya fi maka. Ka sayi allo mai tauri da litoci masu yawa, tafi babba, fiffike mai murabba'in mita 6 idan nauyinka bai wuce kilo 80 ba, 7 idan ya wuce. Ka tsaya kusa da gaɓa, ka fito tun iska ba ta fara sassautawa ba. Mata da matasa marasa nauyi su ma nan suka fi dacewa, don ba ɗago babban kyalle daga ruwa, kuma rashin nauyinsu na sa su tashi da wuri.

'Yan'uwa biyu ko uku da za su haɗa kuɗi, fiffike ya fi saukin rabawa: allo ɗaya babba da foyil ɗaya, fiffike biyu masu girma daban, ɗaya na ruwa, ɗaya na cikin kwale-kwale yana jiran layinsa. Wanda kuɗinsa bai kai ba tukuna, ya fara da fiffike da babban allon tsayuwa na hannu, ba foyil, ya yi hunturu guda yana koyon iska da tafkin da mutanensa, foyil ɗin ya biyo baya a oda ta biyu.